Wurin Faɗuwar Baba

Tun da Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki ya daina yarda da ƙasa. Bai daɗe da dawowa daga asibiti ba santsin tayil ɗin falo ya kwashe shi, goshinsa ya fashe. Daga ranar ya ce shi da tsayuwa sun yi sallama. Likitar da ke zuwa tana motsa masa gaɓoɓi ta ja ni bakin ƙofa ta gaya mini gaskiya. Ƙafar da sauran ƙarfinta, tsoro ne ya riƙe shi, kuma in ya ci gaba da zama a keken guragu za ta sandare gaba ɗaya. Ta ce mu nema masa wuri mai laushi, inda ko ya faɗi ba abin da zai same shi.

A da muna da irin wurin. Akwai ɗan fili a gaban gidanmu da Baba ya shuka wa ciyawar ado tun muna yara, mai son ruwa kamar me. To ruwan sama ya yi ta ja baya, famfo kuma sai ya ga dama yake kawowa. Filin ya koma kamar tsohuwar tabarma. Ƙasar ta yi taurin da ko ka zuba bokiti guda sai ya gangare titi ya bar ka tsaye.

Yayana ya ce a malale wurin da siminti kowa ya huta. Shi Yaya ko kai ka ce yana maka ciwo, siminti zai ce a zuba. Na ce ya ba ni lokaci, ya ce ya ba ni, da wannan murmushin nasa mai ƙona rai.

Wata mai sayar da dashen itatuwa ce ta ce mini ba ciyawar ce ke da laifi ba, ƙasar ce ta kasa riƙe ruwa. Ta ce in farfasa ta, in gauraya da garin gawayi da taki. Ni sarkin gaggawa, rabin maganar na kama. Na kwaso garin gawayi buhu-buhu na barbaɗa shi haka tsurarsa, sai ɗan koren da ya rage ma ya koma ruwan ɗorawa. Yaya ya wuce ya tarar da ni baƙi ƙirin har gira, ya tambaya ko yanzu zan kira masa mai simintin da kaina. Na shiga banɗaki na sha kukana.

Da na koma wurin matar ta yi mini dariya son ranta. Ashe sai an jiƙa gawayin cikin taki ya sha ya ƙoshi, in ba haka ba shi zai tsotse abincin ƙasar. Na sake sabon lale. Na jiƙa, na haƙa, na gauraya, na rufe da busassun ganye. Ruwan ɗaurayar kayan lambu da na ɗigar tanki duk na riƙa tarawa, ina shayar da filin da shi sosai lokaci-lokaci don saiwa ta bi shi ƙasa.

Ciyawar dasawa kuwa a gindin katangarmu na same ta: kiri-kiri, mai yaɗo, wadda ba wanda ya taɓa ba ta ruwa amma tana nan kore shar. Baba yana kallona ta taga. Ya sa aka turo kekensa bakin ƙofa.

"Auta, abin da na ƙare ƙuruciyata ina tugewa shi za ki dasa mini?"

"Baba, ita kaɗai ta yarda ta zauna da mu."

Ya yi tsaki, amma bai ce a mayar da shi ɗaki ba. Washegari ma har yana nuna mini da sanda inda na bar giɓi.

Sannu a hankali ta yaɗu ta haɗe. Ba ta kai ciyawar farko kyau ba, gaskiya, amma in ka taka sai ka ji ƙasa ta karɓe ka. Wata safiya likitar ta cire wa Baba takalmi, muka tsayar da shi a kan ciyawar ni da Yaya, sannan ta yi mana alama mu saki.  Ya ja ƙafar, ya sake ja, gwiwar ta lanƙwashe, ya tafi ƙasa ta gefe.

Yaya ya zabura. Baba ya ɗaga masa hannunsa mai lafiya.

"Ku bar ni."

Ya ɗan jima a kwance, kuncinsa a kan ciyawar, yana sauraron jikinsa. Ni dai hawaye kawai nake, na rasa na tsoro ne ko na murna. Can ya dafa ƙasa, ya turo gwiwa, ya dubi Yaya.

"Ban ji komai ba. Kai, matsar da keken nan can gaba, ya yi mini kusa."