Rumbun Tururuwa

"Ko ƙwaya ɗaya ban samu ba," in ji Tukur. Ya jingine sungumi a jikin rumbu, ya zauna a kan turmi ko ƙafa bai kaɗe ba. "Na tona gabas, na tona yamma, na tona tsakiya. Rami yana nan yadda na rufe shi, gero babu. Zabin maƙwabcinmu Kabo ne. Yau sai ya faɗa mini ko shi zai ciyar da gidan nan."

Matarsa Hansai tana tsugune tana sauya wa anzar da ta jiƙa ruwa, don ɗacin ya fita a samu na sa wa a baki.

"Malam, ai zabo in ya yi tono yana barin shaida. Kai kuma ka ce rami a rufe yake."

"To aljanu ne."

"Ni dai ban ce ba."

Shekarar da naira ta fito ce, a wani ƙauye kusa da Toranke. Daminar bara ta ɗauke da wuri, gero ya bushe a tsaye da cikinsa. Bana aka yi ruwa ɗaya, kowa ya ruga ya shuka, tsiro ya leƙo kamar allura, rana ta ƙone shi. Ɗan irin da ya rage Tukur ya yi binne da shi, ya zuba a busasshiyar ƙasa ya rufe, ko ruwa zai zo ya same shi a ciki. Shi ke nan irin gidan. A kasuwar Ajingi hatsin da ake gani na mota ne, daga wata ƙasa aka kawo shi, ba wanda ya san ko zai yarda da rairayin nan. In ruwa ya sauka babu iri, to gona ta tashi a banza, su da yara huɗu da tsohuwa.

Hansai ba zabin Kabo ne suka tsaya mata a rai ba, ramin ne. Wane ɓarawo ne zai ɗauki abu ya mayar da murfi?

Washegari da sassafe ta ɗauki ƙwarya ta ce za ta tsinko ganyen jiga, ta bi ta gonar. Rana ba ta gama fitowa ba amma ƙasa tuni ta ɗau ɗumi. Gawon da ke kan iyaka yana nan da ganyensa shar, shi da ya kamata a ce ya zubar tunda lokacin damina ya yi. Shamuwa sun zo sun yi sheƙa a kan kuka, sun zauna sun gaji, sun tafi sun bar ta. A gindin kukar ga kurciya a kwance ta bushe, ba rauni a jikinta. Can ƙarƙashin sabara ta hango zabin da ake zargi, sun baza fukafukai, baki buɗe. Ta ce musu "kur", ko motsi ba su yi ba.

"Ku ne za ku tone gona guda," in ji ta. "Allah ya sawwaƙe."

Ta tsuguna a kan wani ramin shuka ta zuba masa ido. A gefensa akwai wata 'yar kafa, tsinke ne kawai zai shiga. Tana nan tsugune sai ga tururuwa ta fito da baya da baya, tana jan ƙwayar gero. Wata ta shiga. Hansai ta bi ta farkon da ido, ta ga ta shiga layin 'yan uwanta, layi siriri baƙi, kowace da abinta a baki, har sun yi wa kansu hanya a rairayi.

Ta manta da jiga. Ta bi layin a sunkuye, ya ratsa kunyoyi, ya wuce gawo, ya shiga wata saura da aka daɗe ba a noma ba. Nan ta tarar da gidansu, fili a share tas kamar tsakar gidan amarya, ƙaiƙayi ya kewaye shi, ƙofa ɗaya a tsakiya. Ta daɗe tana kallo. Da rana ta ɗaga sai ta ga layin yana tsinkewa, wacce ta makara a hanya ta nannaɗe a rairayi da ƙwayarta. Kafin hantsi ya yi ƙarfi babu ko ɗaya a waje. Shi ya sa Tukur bai gan su ba, shi da yake zuwa bayan ya ɗebo ruwa a rijiya mai nisa.

Da ta koma gida sai ta wuce ɗakin surukarta Gaji.

"Iya, tururuwa tana cin shuka?"

"Da can a'a. 'Ya'yan ciyawa take ci, komayya, burburwa. Bara ciyawar ta yi 'ya'ya?"

"Ina fa."

"To ita ma da cikinta." Gaji ta gyara zama, ta dubi Hansai sosai. "Kin ga gidan?"

"Na gani."

"Ɗauko dagi. Ina yarinya, a yunwar Kakalaba, da abin da muka tono a gidan tururuwa uwata ta raya mu. Ban zaci zan sake gani ba kafin a kai ni."

Hansai ta tsaya a bakin ƙofa. "Iya, abin da nake tsoro, ya halatta? Na ji Malam Abdulsalam a tafsiri yana cewa Annabi Sulaimanu ya fita roƙon ruwa da jama'a, ya tarar da tururuwa a rigingine ta ɗaga ƙafafu sama tana roƙo, ya ce a koma gida, an ba ku ruwa da addu'ar wani. In muka fasa musu gida fa?"

"Geron wa ta kwasa?"

"Namu."

"To biko za mu je, ba sata ba. Ki yi bismilla, kada ki sa wuta, shi ke nan."

Tukur yana jin zancen ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya ce mata biyu za su je su ƙwato gona a hannun ƙwaro. Amma da la'asar ta yi sanyi shi ne ya saɓa dagi da galma ya wuce gaba.

Ƙasar kamar dutse. Tukur yana sara, Hansai tana kwashewa da sakaina, Gaji tana zaune a inuwar sabara tana ba da umarni.

"Kai, a hankali, ba kabari kake haƙa ba. Bi ta gefe. Ɗakunansu a jere suke, in ka rusa sai ka haɗa da ƙasa."

Tururuwa suka fito kamar an zubo su, suka hau ƙafafu da hannuwa. Cizonsu kamar tartsatsin wuta. Tukur yana tsalle yana kaɗe wando, uwarsa tana cewa ƙato guda yana rawa babu kiɗa. Ramin ya kai gwiwa babu komai, ya kusa ƙugu babu komai. Sai dagi ya faɗa cikin wani kogo.

Hansai ta kwanta ta leƙa. Ɗan ɗaki ne kamar an kifa ƙoƙo, bango a shafe sumul, cike da gero, busasshe, mai tsabta kamar an bakace. Ta sa hannu ta ɗebo. A gefensa wani ɗakin, 'ya'yan ciyawa zalla. Can ƙasa, inda ƙasar take da ɗan sanyi, fararen ƙwayayensu ne, suna ta ɗauka suna gudu da su.

"Malam, duba," in ji ta. "Ba su haɗa ba. Gero daban, komayya daban. Wa ya koya musu?"

"Wanda ya koya miki daka," in ji Gaji. "Kwashe, rana tana faɗuwa."

Suka dawo da ƙwarya biyu, ɗaya cike da gero, ɗaya rabi ta 'ya'yan ciyawa. Tukur har ya fara maganar sungumi, sai tsohuwa ta datse shi.

"Kada ka yi murna tukuna. Tururuwa tana cije idon hatsi don kada ya tsiro mata a ɗaka. Mu ci muka yi, ba shukawa ba."

Tukur ya tsuguna. Ya dubi ƙwaryar, ya dubi yara da suka kewaye ta. Hanne, 'yar autar, har ta sa hannu ta kai baki.

"In ba zai tsiro ba, a daka," in ji shi.

"Ka ba ni kwana biyu," in ji Hansai.

Da safe ta baza geron a faifai ta fito da shi haske. Ta ɗauki ƙwaya ta juya. Gaskiyar Iya ne, an ƙwaƙule ɗan bakin, wurin da tsiro yake fitowa. Ta ɗauki wata, wannan lafiyarta ƙalau. Ta yi ta ɗauka tana juyawa, har ta gane abin: na ɗakunan ƙasa, wanda ya daɗe, shi aka cije, na sama kuwa sabon kwasa ne, ba su kai gare shi ba. Ta tsunkuli mai lafiya ta ƙulle a tsumma, ta tsunkuli cizajje ta ƙulle a wani, ta jiƙa su, ta tura ƙarƙashin randa inda laima take. Sannan ta zauna tsinta, ita da Gaji, ƙwaya ƙwaya, har wuyansu ya ƙage.

"Ke 'yar nan da an sa ki boko da kin addabi malamai da tambaya," in ji Gaji.

"Iya, ni so nake in san da me take gane idon. A cikin duhu fa."

"In kin je lahira kya tambaya."

Bayan kwana biyu ta kwance ƙullin. Cizajjen ya kumbura ya fara tsami. Ɗayan kuwa ya fito da fararen saiwoyi sun huda tsumman, ba duka ba, amma fiye da rabi. Ta kai wa Tukur a tafin hannu. Ya daɗe yana kallo, ya ce alhamdulillahi a hankali, ya tashi ya je gidan Kabo ya gaishe shi kamar ba abin da ya faru.

Yanzu kashi biyu ke nan a gidan. Mai lafiya ɗan kaɗan, in an rage hannu zai rufe rabin gona. Cizajje da 'ya'yan ciyawa kuma Tukur ya ce na kunun yara ne, su huta da anza ko na kwana kaɗan. Hanne tun safe take bin uwarta tana tambaya yaushe za a dama.

Iska ta juya a ranar. Gabas ta yi duhu kaɗan, gawo ya fara sakin ganye ɗaiɗai. Tukur ya ce gobe da asuba zai sake binne, don ruwan bana ba ya sallama, in ya zo bai tarar da iri a ƙasa ba, ba lallai ya dawo ba.

Hansai ba ta dama kunun ba. Da yamma ta yafa mayafi ta koma saurar nan, don tana son ta ga yadda suka ƙare. Ta zaci za ta tarar da kufai. Ina. Sun buɗe sabuwar ƙofa a gefen ramin, sun share gabanta. Layi ya miƙe kamar da, har cikin gonar, suna shiga tsofaffin ramukan shuka ɗaya bayan ɗaya suna fitowa baki wayam. Ta kaɗe 'yar komayya da ta maƙale a bakin zaninta tun wurin tsinta, ta yar kusa da ƙofar. Nan da nan suka taru a kai, na kan hanyar gona ma suka juyo. Ta sake gwadawa daga ɗan nesa. Haka suka yi. In akwai na kusa, ba sa zuwa nesa.

Ta tarar da Tukur a tsakar gida yana gyara ƙotar sungumi.

"Malam, suna nan. Suna bin ramukanka. Ka zuba gobe, jibi yana ɗakinsu, kuma wannan karon da yunwa za su cije shi."

"Sai in tara kara in babbake su."

"Ba a gidan nan ba," in ji Gaji daga ɗaki. "Mahaliccin wuta shi kaɗai ke azaba da wuta."

"Kuma sun yi ƙasa," in ji Hansai. "Wuta ba za ta kai ba. Na gwada su da komayya. In suna da na ɗauka a bakin ƙofa, ba sa shiga gona. Kwana kaɗan muke nema, ruwa ya sauka, iri ya tsiro. In ya tsiro ba ruwansu da shi."

Tukur ya ajiye sungumin. "Me kike cewa?"

Ta shiga ɗaki ta fito da ƙwaryar cizajjen geron, ta ajiye tsakaninsu. Hanne tana ganin ƙwaryar ta ruga ta ɗauko ludayinta, ta zo ta zauna kusa da ƙafar ubanta.

"In ruwan bai zo ba fa?" in ji shi. "Mun rasa iri, mun rasa kunu."

"Ban sani ba, Malam. Wannan na Allah ne."

Can gabas aka yi wata 'yar walƙiya, ba ƙara. Tukur ya dubi sama, ya dubi yarinyar, ya dubi ƙwaryar.

"Ka yarje mini in mayar musu," in ji Hansai. "Ko rabi ne."