Taron da Ba a Rufe Ba

"Ba inda zan je," in ji Direba, yana goge tabarau da gefen riga. "Sakatare ya je ya ci littafinsa."

Tela ba ta gusa daga bakin ƙofa ba. Shekara arba'in tana maƙwabtaka da Sakatare, ita ta ɗinka wa Gamayyar Ma'aikata da Manoma tutocinta, ta kuma san taurin kan tsofaffin nan kamar yadda ta san kekenta.

"Baba, likita ya ce yau ko gobe. Kai kaɗai ka rage masa."

Jam'iyyu biyar ne suka haɗu a gamayyar. Sun girgiza yankin, sun sa an rage wa masaƙa awoyin aiki, sannan suka watse a kan sunan wa zai zo farko a takardar zaɓe. Ranar Direba ya kwashe mutanensa ya fice ana tsakiyar taro. A dokarsu kuwa, ba a rufe taro sai ɗan wata jam'iyyar, ba ta mai gabatar da ƙudurin ba, ya ɗaga hannu ya goyi baya. Shekara talatin da ɗaya ke nan shafin taron a littafin gamayyar yana buɗe, Sakatare kuma ya rantse ba zai tafi ya bar aiki a rataye ba.

Da ƙyar da jan ƙafa Direba ya biyo ta. Ɗakin warin magani yake, kwalabe jere a kan tsofaffin takardun kamfe.

"Ka makara," in ji Sakatare daga kan gado.

"Kai kuma ka lalace."

"Ina gabatar da ƙudurin a rufe taro."

Direba ya dubi ramammen hannun da ke dafe da littafin.

"Ban goyi baya ba. Akwai sauran magana. Batun sunan nan ma ba mu gama ba."

"Kai dai ba ka da mutunci!"

Nan fa gardama ta kaure. Tela tana dariya tana share hawaye, don rabonta da jin muryar maƙwabcinta da ƙarfi haka an yi watanni. Rana ta karkata suna ta yi. Sakatare yana cikin kawo hujja ta uku ya yi shiru.

Tela ta shafe masa idanu, ta ja mayafi. Da ta waiwayo, Direba na zaune a kujerar roba, kansa sunkuye, hannunsa na dama a sama.