Tsatsar da ke Ƙarƙashin Tamfol

Ranar da likita ya ja Auta gefe ya ce a bar mahaifinta ya ci duk abin da ransa ke so, ba ta buƙaci a fassara mata ba. Wata uku, in ji shi, ko huɗu idan zuciyar ta daure. Da suka koma gida ta tambayi Baba me yake marmari, tana zaton zai ce nama ko shayi mai sukari. Ina! Tsohon nan ya tattara bakinsa da shanyewar ɓarin jiki ta karkatar, ya ce, "Mota. Ki zagaya da ni a motata."

Motar ja ce, ƙofa biyu, kujera biyu, gajeriya har cikinta ya kusa shafar ƙasa, irin wadda aka daina ƙerawa tun kafin a haifi Auta. A cikinta ya yi samartaka, a cikinta ya ɗauko marigayiya mahaifiyarsu daga asibiti har sau biyar, kowane karo da jariri a cinya. Yayyen Auta kan ce su shida ne a gidan, kuma mai tayoyin ita ce 'yar gaban goshi.

Da ciwo ya kwantar da shi, shekara shida ke nan, Auta ya danƙa wa makullin gareji, don ita kaɗai ta rage a gida. Ita kuwa ta riƙe amana da hannu bibbiyu. Duk Asabar, ko da takardun ɗalibanta sun taru ba ta duba ba, sai ta ja tiyo ta wanke motar ciki da waje. Har kafet ɗin ƙasa take dirzawa da burushi da ruwan sabulu. Tana gamawa ta lulluɓe ta da tamfol na leda, ta ɗaure da igiya tamau, ta ja ƙofa ta kulle don kada ƙura ta shiga. Daga ɗakinsa na can baya Baba kan tambaya, "Ana kula da ita?" Ta ce, "Kamar ƙwai, Baba."

Washegari ta kira Mai Walda, tsohon abokin Baba, ya zo ya duba ko motar za ta tashi. Siririn tsoho ne mai ƙonannun yatsu. Shekarun bugun ƙarfe sun cinye masa kunne, sai an ɗaga murya yake jin maganar mutum, amma maganar ƙarfe ko raɗa ta yi zai ji.

Tana buɗe garejin ya tsaya a bakin ƙofa yana shaƙar iska. Ya kwance igiyar, ya yaye tamfol ɗin, sai ga ɗigon ruwa jere a cikinsa. Fenti kuwa sai ƙyalli yake, har Auta ta ɗan gyara tsayuwa tana jiran yabo.

Ya durƙusa ya fito da 'yar guduma, ya bi ƙasan ƙofa yana ƙwanƙwasawa. Ƙwal, ƙwal, ƙwal, sai kuma buf. Ya sa sukundireba ya ɗan danna, ta shige har mariƙi, jan gari ya zubo. Ya buɗe ƙofa ya ɗaga kafet. Ta ramin da ke wurin Auta ta hango simintin gareji.

"Wa ke wanke ta?"

"Ni ce, Baffa."

"Kina barin ta ta bushe kafin ki rufe?"

Ta girgiza kai.

"Ledar nan ba ta numfashi, 'yata," in ji shi, a hankali. "Ruwan da kika zuba mata Asabar, da shi take kwana har wata Asabar ɗin ta zo."

Wayyo! Da sakaci ta yi, da abin ya zo mata da sauƙi. Ta zauna a kan tsohuwar taya tana kallon hannayen nan nata da sabulu ya busar.

Mai Walda ya shimfiɗa mata zancen ba ƙumbiya-ƙumbiya. Hanya biyu ce. Zai iya cike ramukan da fila, ƙullin nan da ake shafa wa jikin mota, ya bi da fenti, sati biyu ta fito kamar sabuwa. Amma ba za ta hau titi ba, don kujerar da take son ɗora mahaifinta a kai, kafet ne kusan ke riƙe da ita. Kuma fila tana rufe tsatsa ne ta ci gaba da ci daga ciki, bayan shekara ko wurin liƙa walda ba za a samu ba. Ɗaya hanyar, a kai motar wurinsa a tuɓe ta ƙaf, a yanke ƙasan gaba ɗaya, ya lanƙwasa sabon ƙarfe gutsure-gutsure da hannu.

"Wannan zai ɗauki wata nawa?"

"Me?"

"Wata nawa, Baffa?"

"Shekara. Idan hannuna bai ba ni kunya ba."

Ta gaya masa abin da likita ya ce. Tsohon ya cire hularsa, ya juya ta a hannu, ya mayar.

"To ka yi filar," ta ce. "Ya gan ta tana ƙyalli, ya zauna a ciki, mu tura shi a tsakar gida. Kada ka gaya masa komai."

"Shekara arba'in ban ɓoye masa komai a kan motar nan ba. In kin ce in shafa, zan shafa, amma ki fara shiga ki gaya masa."

Kwana biyu tana kai wa Baba abinci tana fitowa ba ta iya haɗa ido da shi. A na uku, da la'asar, tana yanke masa farce, ta sunkuyar da kai ta faɗi komai, da tiyon da kafet ɗin da ledar.

Ya dube ta. "Duk Asabar?"

"Duk Asabar, Baba."

Sai kafaɗarsa mai lafiya ta fara girgiza. Ta ɗauka kuka ne, ashe dariya ce, wadda ta jima ba ta ji ba. Daga baya dariyar ta koma abin da ta zata tun farko, hawaye na bin gefen bakin da ya karkace. Ta goge masa da gefen mayafinta.

"Laifina ne," ya ce. "Na ba ki makulli, ban gaya miki ana shanya ta a rana ba."

"Baba, ka yafe min. Baffa ya ce sati biyu zai gyara fuskarta. Ka zauna a ciki, mu tura ka har bakin get."

"A tura ni?" Ya nuna keken guragun da ke jingine a bango da haɓarsa. "Ai ina da wadda ake tura ni a ciki, Auta."

"To me zan ce masa?"

"Makulli a hannunki yake."

Ya lumshe ido, ya bar ta da abin. Ita dai zuciyarta sati biyun take so, ta gan shi riƙe da sitiyari ko da na minti biyar ne, ko ta samu sauƙin abin da ta yi. Can ta gane wannan sauƙin nata ne, ba nasa ba. Ta fita baranda ta kira Mai Walda, ta ɗaga murya yadda zai ji, duk da ta san Baba ma zai ji: "Baffa, a yanke. A yi mata aikin gaskiya."

Da safe motar janwe ta zo. Baba ya ce a fito da shi, aka sa masa riga mai kyau, Auta ta turo shi bakin gareji. Sarƙa ta ja motar a hankali, tana zubar da jan gari a kan siminti. Da ta zo daidai inda yake ya ɗaga hannu, direban ya tsaya. Ya ɗora tafinsa a kan bonet ya bar shi a nan, ba wanda ya ce masa ya yi sauri.

"Kai," ya ce wa Mai Walda. "Launin. Kada ka canza."

"Me zai sa in canza? Ai da kanka za ka zo ka duba fentin, ka ishe ni da ƙorafi kamar kullum."

Baba ya dube shi da ido ɗaya a ƙanƙance. "Har ka tsufa ba ka iya ƙarya ba."

Mai Walda ya juya ya shiga gyara sarƙar da ba abin da ya same ta.

Aka ɗaure motar, injin janwe ya tashi, aka buɗe get. Auta ta kama keken za ta matsa da shi gaba don ya ga fitarta da kyau. Ya kama hannunta ya riƙe gam.

"Mayar da ni ciki," ya ce. "Ba na son in ga bayanta."