'Ya'yan Keji Na Huɗu

Wata uku ke nan Ummusalma tana sharar kejin fararen ɓeraye a wani ɗakin bincike da ke hanyar Vom. Da wannan aikin take riƙe kanta da jaririyarta Madina, don haka ba ta wasa da shi.

Ɓerayen na Adaora ne, ɗaliba mai neman digiri na biyu. Kullum da hantsi take zuwa ta auna jariran ɓerayen a sikeli. Ranar nan ta auna na keji na huɗu har sau uku, ta dafe kai.

"Maman Madina, sikelin nan ya lalace ne? Yaran nan ƙiba suke yi."

"To ba alheri ba ne, Anti?"

"Wane alheri? Ai uwarsu ba ta da nono."

Adaora ta ja kujera ta yi mata bayani. Ta ce sinadarai uku ne a jinin mace suke haɗa hannu. Ɗaya yana shimfiɗa hanyoyin nono, na biyu yana gina 'yan jakunkuna a ƙarshen hanyoyin, na uku ya cika su da ruwa. In ɗaya ya tsaya, aikin sauran ya tashi a banza. Ita kuma allura take yi wa ɓeran keji na huɗu don ta tsayar da na ukun. Ramar yaran ce za ta nuna allurar ta yi aiki.

Ummusalma ta tsaya riƙe da tsintsiya. Ita duk a zatonta ciwo ne ya kama uwar, allurar kuma magani ce. Kwana shida ke nan tana kwashe yaran da sassafe, ta sa su ƙarƙashin ɓeran keji na biyu mai yalwar nono, su sha su ƙoshi, ta mayar da su kafin kowa ya iso. Haka maƙwabciyarta ta yi wa Madina a unguwarsu ta Farin Gada, lokacin da nonon Ummusalma ya ƙi zuwa.

In ta faɗa, ogan ɗakin binciken zai iya sallamarta. In ta yi shiru, Adaora za ta kai masa lissafin ƙarya.

"Anti, sikelinki lafiya lau," ta ce. Ta faɗi komai, har da labarin Madina.

Adaora ta daɗe tana kallon littafinta. "Wato ke ce sinadari na huɗu. Sati uku na aiki, Maman Madina."

"Ni dai ban gane ba. Da gangan ake hana su?"

"Don a gane abin da ke hana mata irinki nono."

Ummusalma ta juya maganar a ranta, amma maganar ta ƙi zama daidai.

"Ba zan gaya wa oga ba," in ji Adaora. "Amma Litinin zan sake da wasu ɓerayen. Za ki iya ganin yaran suna ramewa ki bar su?"

Ummusalma ta leƙa kejin, ta girgiza kai.

Ranar Litinin Adaora ta sa aka mayar da ita wankin kwalabe a ɗakin baya, aka karɓi makullin ɗakin ɓerayen daga hannunta.