Saukar da Gwangwani

Gwangwani muke ce masa, don wanda ya gan shi a kan tebur kafin a harba shi ba zai yarda tauraron ɗan'adam ba ne. Duk girmansa bai wuce kwalin takalmi ba. Mu ɗaliban sashen nazarin sararin samaniya muka haɗa shi da hannunmu, kowa da ɓangaren da zai rubuta kundin digirinsa na uku a kai. Mai batir ya gama ya tafi. Mai kyamara ta gama, ta yi aure, har ta haihu. Ɗaya bayan ɗaya suka kwashe kofunan shayinsu daga ɗakin sadarwa, aka bar ni da kujeru. Ni kuwa da bakina na zaɓi ɓangaren ƙarshe, wato yadda za a sauko da shi idan ya gama aiki, kada ya zama bola a sama. Sai kowa ya gama cin moriyarsa sannan nawa aikin zai fara. A lokacin gani nake wayo na yi.

A cikinsa akwai wata laima shara-shara a naɗe. In aka aika masa umarni ta buɗe, 'yar iskar da ke can sama za ta riƙa jan sa baya, gudunsa na raguwa yana gangarowa, har ya shigo iska mai kauri ya ƙone ƙurmus. Babina na ƙarshe ke nan: in buɗe laimar, in bi shi ina aunawa, in nuna ranar da ya ƙone ta zo daidai da lissafina. In ban aika umarnin ba, babu babi, babu digiri.

Ɗakin sadarwa yana hawa na ƙarshe, tagarsa ɗaya, ita ma bayan ɗakin karatu take kallo. Gwangwani yakan wuce ta samanmu da hantsi, ya sake wucewa da yamma. In lokacin ya yi sai in ji eriyar kan rufi tana juyawa da kukanta na tsohuwar ƙofa, layuka su fara zubowa a fuskar kwamfuta: zafin jikinsa kaza, batirinsa kaza, ga inda ya sa gaba. In tambaye shi, ya amsa. 'Yan mintoci ne, ya ɓace sai wani jiƙon.

Ba zan ɓoye ba, a garin nan kaf ba mai nemana a kan lokaci sai shi. Umma takan kira, amma tambayarta ɗaya ce, yaushe za a gama wannan karatu da ba ya jin kira. Yayata kuwa ta gaji da yi wa dangi bayani, ta koma ce musu gyaran jirgin sama nake koya, har wani kawunmu ya aiko a tambaye ni ko ina duba janareto. Ɗakina yana saman shagon mai wanki da guga. Akan yi hutun ƙarshen mako ban buɗe baki na yi wa kowa magana ba, sai ran komawa aiki in zan gaida maigadi in ji muryata ta shaƙe. Kaɗaici ya ci ni sosai a shekarun nan, kuma ban taɓa faɗa wa kowa a gida ba.

To, akwai doka a ɗakin sadarwa: umarnin da ba a iya janye shi, mutum ɗaya ba ya aika shi. Ɗaya ya rubuta, na biyu ya zauna a gefe ya karanta harafi-harafi, ya ce ya tabbatar, sannan a danna. Dokar nan na samu na laɓe a bayanta. Duk sanda Farfesa, mai duba aikina, ya tambayi inda aka kwana, sai in ce ban samu na biyu ba. Ba ƙarya na yi ba, don kuwa babu kowa. Amma ko ƙofar ofis ɗaya ban ƙwanƙwasa ba.

Farfesa mutum ne da ba a taɓa ganin sa a tsaye wuri ɗaya ba, a tafe yake magana, a tafe yake sa hannu. Ran nan ya tare ni a matakala, ya tsaya cak, abin da ya fi faɗa ba ni tsoro. Ya ce ya duba alƙaluman batirin, yana ta raguwa, kuma ranar da ya mutu laima ba za ta ƙara buɗuwa ba har abada, shekaruna sun tafi a banza ke nan. Ya ce gobe da hantsi shi da kansa zai zo ya zama na biyu.

Ya kuwa zo. Ya jawo kujerar mai kyamara ya zauna, ya sa tabarau. Eriya ta juya, Gwangwani ya shigo ya zayyano lafiyarsa kamar kullum. Na rubuta umarnin, Farfesa ya bi shi da yatsa yana karantawa a fili, ya ce ya tabbatar. Hannuna yana kan maɓalli, amma ya ƙi sauka.

"Me kike jira? Zai wuce fa."

"Farfesa, lafiyarsa ƙalau. Duba ka gani, ko zafi bai yi ba."

"Na gani. Shi ya sa sai yau. In ya kwanta ba zai ji maganarki ba."

Na danna. Kafin Gwangwani ya ɓace ya aiko da amsa cewa laima ta buɗe, komai daidai, da ladabinsa irin na kullum. Farfesa ya ce madalla, ya duba agogo, ya fita da sauri yana da taro.

Makonnin da suka biyo baya ban taɓa samun alƙaluma masu kyau irin nasu ba. Da yake yana gangarowa, zagayensa ya gajarce, kullum sai ya riga lokacinsa na jiya isowa. Ina ɗora awon a kan zanen lissafina, suna hawa juna ɗas. Sai in ji daɗi ya kama ni, can kuma in ji haushin kaina. Na daina fita cin abincin rana, kada ya zo ba na nan.

Ranar da lissafina ya nuna, na zo da wuri na zauna. Lokaci ya yi, ya gota, ba abin da ke fita daga na'ura sai shuuu. Na jira na yamma don in cika ƙa'ida, shi ma shiru. Gwangwani ya ƙone, ban kuskure ba ko da yini ɗaya. Na aika wa Farfesa saƙo, ya amso daga filin jirgi da kalma biyu, barka Dakta, ya ƙara da cewa zaman kare kundin cika sharaɗi ne kawai.

Na ɗauki waya na kira Umma. Da na ce mata an gama, ta yi ta hamdala, ta ƙwala wa Yaya kira, na ji gidan ya kaure da hayaniya, yara na tambayar ko yanzu zan iya yin allura. Ta sa aka yi shiru, ta dawo kan waya.

"Auta, wa ke kusa da ke? Ko ma wane ne ba shi wayar in yi masa godiya. Shekara da shekaru suna riƙe min ke a can, ban taɓa ce musu sannu ba."

Na ce mata sun ɗan fita.

Ta ce ba komai, ai ba sauri take ba, kada in kashe, za ta jira su dawo. Na riƙe wayar a kunne ina jin numfashinta, muka yi ta jira ni da ita.