Rabin Fuskar Baba

Dakta Madubi ya turo mini takardata ta kan tebur da ɗan yatsa ɗaya.

"Malama, wannan ba bincike ba ne. Fushi ne kika zuba a takarda."

Shi ne malamin da ke duba kundin kammala karatuna a sashen koyon zanen katun. Mu ɗalibai muka laƙaba masa Madubi. A kwamfuta akwai wani madanni da muke kira haka: ka gina rabin fuskar mutum, ka danna shi, ɗaya rabin ya fito daidai wa daida. Dakta ba ya gama darasi bai ce "ku danna madubi ku huta" ba. Ni kuwa abin da na rubuta masa layi ɗaya ne, wai katun na koya wa yara tsoron mai karkataccen baki.

"In ji wa?" ya ce. "Da wa kike jayayya? Maganar da ba wanda zai iya ƙaryatawa ba hujja ba ce, kuka ne. Ɗauki tarihin katun ki rubuta. Duk shekara ana yin sa, ban taɓa ganin wanda ya faɗi ba."

Na ce ba na so. Ya tuna mini cewa kwamitin sashe ya kusa zama, kuma duk wanda ba a amince da maudu'insa ba sai wani zangon, yana ji yana gani 'yan ajinsu za su fita su bar shi. Na ce na ji. Ba banza ake ce mini Barkono a ajin nan ba, na suri takardata na fice ko sallama babu.

Ruwa dai ba ya tsami banza. Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Baba. Mutumin da ya yi rayuwarsa a kan sitiyarin babbar mota, wanda in ya yi dariya a falo sai mai shagon bakin titi ya san ya dawo. Ƙafa ta ɗan dawo, hannu ya ɗan dawo, amma ɓarin fuskarsa na hagu ya zube ya ƙi tashi. Yayata na da 'yar ƙaramar yarinya da Baba ke kira Amaryata, kullum tana kan cinyarsa tana lalube masa aljihu. Ran da aka sallamo shi daga asibiti ya miƙa mata hannu yana murmushi, sai ta ƙwalla ƙara ta shige bayan uwarta.

"Bakinsa irin na mugun cikin katun ne!"

Baba ya mai da hannunsa kan gwiwa ya ce, "Amarya ta yi yaji." Shi kaɗai ya yi dariyar. Wallahi ban taɓa jin kunyar sana'ar da nake koya ba sai ranar.

Yaya dai ta ce in bi malamina. "Ke komai sai kin mai da shi faɗa. Ki rubuta tarihin nan ki karɓi takardarki, in kin fita kya gyara duniyar." Na yi mata kunnen uwar shegu.

Na tare a ɗakin kwamfuta. Fanka ɗaya ce ke aiki, kujerar da na samu ƙafarta ɗaya a karye, na tokare ta da tsohon allon zane. Na tara katun iri-iri, tsoffi da sababbi, ina tsayar da kowace fuska ina dubawa. Da farko abin ya yi mini daɗi: ga mugu da baki a karkace, ga ɓarawo da ido ɗaya a kanne. Can sai na fara cin karo da abin da ban so ba. Jaruman ma suna karkata baki. In za su yi wa abokin gaba ba'a, in za su yi wa budurwa kwarkwasa, baki na tafiya gefe guda. Kai! Kamar in ɗaga kwamfutar in maka da ƙasa. Da na faɗa wa Dakta, har da gyara zama.

"To kin gani. Karkata ita ke ba fuska rai. Hujjarki ta mutu."

Ba ta mutu ba, ƙiba ce ta yi mata yawa. Na koma na bi fina-finan nan hoto bayan hoto, har idona ya fara yaji. A nan na kama zaren. Kowane mutum-mutumin katun yana da abin da muke kira fuskar hutu, wato fuskar da yake komawa in ba ya magana ba ya komai. Jarumi kan karkata baki na ƙiftawar ido, ya koma fuskarsa ta madubi. Mugu kuwa a karkace aka gina shi tun farko, ko barci yake haka yake. Ashe abin da muke koya wa yara shi ne: karkatar da ke wucewa wayo ce, wadda ta zauna mugunta ce. Wannan magana ce da mutum zai iya musawa, ni kuma zan iya kare ta.

Ƙa'idar sashenmu ita ce maudu'i ba ya tafiya shi kaɗai, sai da ɗan gajeren fim na gwaji. Ni kuwa na daɗe ina zana Baba in yana zaune a falo bai sani ba. Na gina fuskarsa a kwamfuta da hannuna, ɓari da ɓari, ban taɓa madubi ba. Makonni ya ci mini. Na sa shi yana ɓare lemo yana ba da labari, sannan ya yi dariyar nan tasa, rabi ya tashi rabi ya tsaya. Da Dakta ya kalla, sai ya juyo gare ni.

"Ki nuna wa kwamiti wannan," ya ce. "Ba mai ja da ke."

Ana gobe kwamiti, bayan la'asar, na ajiye kwamfutar a kan ɗan teburin da Baba ke ajiye magungunansa. Ina ta rawar jiki, na ɗauka zai yi murna. Ya kalla har ƙarshe. Ya ce in maimaita. Sannan ya ɗago, da harshen nan nasa da ya yi nauyi.

"Uwata, an ce kuna da abin da ke daidaita fuska. Gyara mini."

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake ce mini haka. Na ce, "Baba, ai amfanin fim ɗin ke nan. So nake mutane su ga ba abin da ya lalace."

"Ya lalace mana. Ni ke wanke ta kullum."

Na shiga zuba masa hujja kamar ina gaban malamai, fuskar hutu, jarumi, mugu, yara. Ya bar ni na gama tas.

"Duk na ji, kuma ƙila gaskiyarki ce. Amma fuskar wa ce?"

Haushi ya kama ni, haushinsa, haushin ciwon, haushin kaina. Na zaɓi ɓarin dama na danna madubi. Aikin makonni ya tafi kafin in sauke numfashi. Baba ya matso da fuskarsa kusa da allon yana kallon mutumin da ke dariya da baki duka.

"Haka nake da," ya ce. "Sa mini shi a wayata. Wancan na farkon kuma kada wani ya ƙara gani."

Washegari na tsaya gaban mutum uku: Farfesa shugabar sashe, Dakta Madubi, da wani malami mai yawan duba agogo. Na jera musu hotunan da na tsayar, jarumai a sama, miyagu a ƙasa. Mai agogo ya ce ai gajarta labari ne kawai, yaro na bukatar gane mugu da wuri. Na ce na yarda, tambayata ita ce wa ke biyan kuɗin wannan gajartawar in yaron ya kashe talabijin ya waiga ya ga kakansa. Ya daina duba agogon.

"Hujjar ta tsaya da ƙafarta," in ji Farfesa. "Ina fim ɗin gwajin?"

"Tana da shi," Dakta ya yi caraf. "Na gani da idona. Kunna musu, Malama."

Kwafin na asalin yana nan cikin kwamfutar, ban goge ba. Dannawa ɗaya ce tsakanina da fita tare da 'yan ajinmu.

"Ba zan kunna ba, ranki ya daɗe. Mai fuskar ya hana."

Dakta ya dafe kai. Farfesa ta cire tabarau ta ce mu huɗu ne kawai a ɗakin, a rufe ƙofa, ba wanda zai ji labari. Na ce a'a. Ta ce to ba za su karya ƙa'ida saboda ni ba, amma ga sauƙi: in karɓi tarihin katun, shi ba ya bukatar gwaji, yanzun nan ta sa hannu.

Tabɗi! Wato bayan duk wannan wahalar in koma in kwafo wa mutane shekarun da aka ƙirƙiro kyamara?

"Na gode, ranki ya daɗe. Ba na so. Zan dawo wani zangon da wannan maudu'in, ko wasali ba zan sauya ba. Zan gina wata fuskar da ba ta kowa ba, a karkace, kuma ita ce jarumar fim ɗin."

"Kin san abin da kike yi wa kanki?" in ji Dakta.

"Na sani. Kai ka ce in nemo maganar da za a yi jayayya a kanta."

Na rufe kwamfutata na fito. A baranda 'yan ajinmu na ta rungumar juna, na ratsa ta tsakiyarsu kaina a sama, sai da na kai bakin titi na bar hawayen suka zubo.

A gida Yaya ta tare ni tun daga ƙofa. Da ta ji, ta tafa hannu ta ce zango guda a banza saboda taurin kai, ta shige kicin tana ta faɗa da tukwane. Baba na kan kujerarsa, wayar a hannunsa, duk ya ji.

"Ba ki nuna ba?"

"Ban nuna ba."

"Har malamin naki ya nema?"

"Har Farfesa da kanta."

"Kika ce musu me?"

"Na ce mai fuskar ya hana."

Ya kifa wayar a kan cinyarsa. "Mai fuskar," ya maimaita a hankali. Tun da ciwon nan ya same shi idonsa na hagu ba ya rabuwa da ruwa, mun saba, ba mai kulawa. Yau na daman ne.