Ragar Abdulmannan Ta Samu Gindi

Shekara goma sha ɗaya Abdulmannan ya yi yana buga ƙwallon kwando, a ƙungiya tara. Ya fara a Kano, ya je Kwatano, ya je Tunis, har ya yi wata huɗu a wata ƙasa mai sanyi inda kocin bai taɓa iya faɗin sunansa ba. Duk inda ya je, zamansa a benci ya fi gudunsa a fili yawa.

Da kwantiraginsa ya ƙare bana, ya dawo Haɗeja, ya kafa ƙarfe da raga a tsakar gidan kakarsa Falmata, mai sayar da bandar kifi, don ya riƙa atisaye.

Kwana biyu tana kallonsa. A rana ta uku da ya tafi aski, ta kira maƙwabcinta Usaini masunci, ya hau tsani ya ɗinke gindin ragar tsaf.

Abdulmannan ya dawo ya jefa ƙwallo, ta shiga ta yi zamanta.

"Iya, wa ya taɓa min raga?"

"Ni na sa aka gyara. Shekara da shekaru kana zuba abu yana zubewa, dole su yi ta korarka."

Ya buɗe baki zai yi bayani, sai ta juya tana sa wa Usaini albarka. Tun daga ranar, duk jifa ɗaya sai ya ɗauki gorar tuƙa kwalekwale ya zunguro ƙwallon, don Iya ta rantse ba mai kwance ɗinkin.